Notin Da Ake Kwancewa Ta Dama

Sau ɗaya na taɓa sa wa motar tsere taya mai faɗi. Motar wani dattijo ce, Baba Ishaya, mutumin Gella da ke zaune a Wuro Patuji. Ni na sa tayoyin, ni kuma na cire biyu daga cikinsu a bakin hanya, ranar da 'yan bindiga suka shigo Mubi.

Ina faɗin wannan ne saboda samarin da ke zuwa wurina su ce in koya musu faci. A ganinsu aikin hura iska ne. Wani ya taɓa ce min kafin sabon wata ya tsaya zai gama koya ya buɗe nasa wurin. Na miƙa masa liba, ƙarfen ɓanɓare taya, na nuna masa tayar babbar mota na ce ya raba ta da wili. Har la'asar yana kai. Bai sake dawowa ba.

Sunana Hamman. Ban yi makaranta ba. Na shiga wannan aiki wajen lokacin da aka raba Gongola aka yi Adamawa, a hannun Malam Sale, wanda kakansa ya zo daga ƙasar Sakkwato. Wurinsa yana kusa da tasha. Na daɗe bai bar ni na taɓa taya ba. Aikina ɗebo ruwa in cika rabin durom, in nutsa tub a ciki, in zuba ido ina neman kumfa. In na nuna masa huda ɗaya sai ya ce in sake dubawa, ƙusa ba ta shiga ita kaɗai. Sau da yawa akwai ta biyu.

Daga nan ya koya min facin wuta. A kankare wurin hudar da zarto, a shafa gam, a bari ya sha iska, a ɗora roba, a danne da tsohon fistin, a zuba fetur kaɗan a cikin fistin ɗin a kunna. In wutar ta yi yawa tub ya ƙone. In ta yi kaɗan facin zai tashi a hanya, direba ya dawo ya zage ka a gaban mutane. Ba a auna fetur ɗin da komai. Ido ne. Tabon da ke bayan hannuna na hagu a nan na same shi.

Malam Sale ba ya duka kuma ba ya yabo. In ka yi daidai sai ya yi shiru. In ka ɓata sai ya karɓi aikin ya yi da kansa kana tsaye, kuma wannan ya fi duka. Da ya tsufa ya bar min libobinsa da jak da famfon ƙafa. Injin iska daga baya na saya.

Mutanen da na yi wa aiki ba su da wuyar ganewa. Direbobin ƙananan bas na Gella, waɗanda ke tafiya da taya har waya ta fito sannan su ce in yi dabara. Masu ɗaukar shanu zuwa kudu. Masu babur, kafin a hana babur. Duk motar da ke Mubi tana ɗaukar fiye da abin da aka ƙera ta ta ɗauka, kuma mai faci ne ya fi kowa sanin haka, don a jikin taya ake gani.

Motar Baba Ishaya daban take. Ja ce, gajeriya, cikinta kusa da ƙasa, kujera biyu kawai, rufinta na tamfol. Yaran unguwa suna kiranta Kwaɗo. Baba tsohon malamin dabbobi ne. Ya saye ta a hannun wani Bature malamin makaranta da zai koma ƙasarsu, tun ina yaro. Ran Lahadi yake fito da ita ya kai matarsa, Mama Rifkatu, coci, wani lokaci su wuce Gella gaida dangi. Bayan ciwon shanyewar ɓarin jiki ya kama Mama, shi yake ɗaukarta ya sa a kujera ya ɗaure ta da zane don kada ta karkace.

Wilin motar mai waya ne, kamar na keke. Ba shi da ƙananan noti irin na sauran motoci. Noti ɗaya ne babba a tsakiya, mai kunne biyu, kuma ba a sa masa sifana. Guduma ake sa wa, ta jan ƙarfe, wadda ta zo tare da motar, don kada kunnen ya fashe. Ranar da ya fara kawo min ita faci, tayar dama ce ta baya. Na ɗaga gudumar zan buga notin ta hagu, yadda hannun kowa ya saba. Baba ya riƙe min hannu.

Ya ce, "Hamman, manta da hagu da dama. Dubi hancin motar. In za ka kwance, buga kunnen sama zuwa hanci. In za ka ɗaure, buga zuwa wutsiya. Kowane ɓangare haka ne."

Na gwada na ga gaskiya ne. A ɓangaren hagu notin yana kwancewa kamar kowane noti. A ɓangaren dama kuwa a juye yake, ta dama yake kwancewa. Baba ya ce an yi haka ne don in mota tana gudu notin ya riƙa ƙara ɗaure kansa. Akwai rubutu da 'yar kibiya a jikinsa, amma ban iya karatu ba, kuma shekaru sun kusa goge su. A duk garin ban san wata motar da ke da irin wannan noti ba.

Tayoyi masu faɗi ɗansa ne ya aiko daga Legas. Wili huɗu masu waya, na hannu, da tayoyinsu, kowace ta fi ta asali faɗi da kusan tafin hannu. Ya ga hoton irin motar da su a wani wuri ya so ta mahaifinsa ta zama haka. Baba bai nema ba, amma kyautar ɗa ce, ya kawo min ya ce in sa.

Wanda bai san aiki ba zai ce cirewa ne da sawa. Na fara da duba ramin tsakiyar wilin, na shafa giris na zura, haƙoran suka shiga daidai. Sai na cire tayoyin daga wili, don wili mai waya ba ya riƙe iska sai da tub, kuma kawunan wayoyin suna huda tub in ba a rufe su ba. Na yanka tsohon tub na yi ɗamara na naɗe kowane wili da ita. Na bi wayoyin ɗaya bayan ɗaya ina bugawa da sifana ina saurare. Wadda ta yi ƙara mai kyau na bar ta, wadda ta yi dum na ɗaure.

Na gaba sun shiga ba gardama, sai dai in an murɗe sitiyari har ƙarshe suna ɗan taɓa ciki. Na baya ne matsalar. Leɓen madigadi yana da kaifi, a lanƙwashe zuwa ciki, kuma tayar tana zaune daf da shi. Mai walda na kusa da ni ya ce a yanke. Baba ya ce ba a yanka masa mota. Na aika gida aka kawo min tsohuwar taɓarya. Na cusa ta tsakanin taya da leɓen, na sa aka riƙa tura motar gaba da baya a hankali, taɓaryar tana birgima tana kwantar da leɓen sama. Na riƙa ɗumama fentin da ruwan zafi don kada ya tsage. Yini guda na yi a kan ɓangarorin biyu.

Da na gama yatsu biyu suna shiga tsakanin taya da bodi. Na sa Baba ya zauna da mai walda a kujerun, saura yatsa ɗaya. Na kira wasu direbobi biyu da ke shan shayi na ce su hau kan but, a bayan motar. Bodi ya sauka ya zauna a kan tayar.

Na faɗa wa Baba yadda abin yake. Mutum biyu a kan kwalta, lafiya. In ya ƙara kaya ko ya bar kwalta, bodi zai ci tayar. Ya yi dariya ya ce shi da tsohuwarsa ne kawai, su biyun ma ba su kai nauyin mai walda ba. Da ya zagaya ya dawo ya ce sitiyarin ya yi nauyi kamar yana jan bijimi, amma motar ta kama ƙasa a kwana. Mama Rifkatu da ta gani ran Lahadi ta ce Kwaɗo ya sa takalmin yayansa. Tsofaffin wili huɗun Baba ya ce in ajiye masa, ba shi da wuri a gida. Na jingine su a bayan shago, ƙarƙashin kwano, inda rana ba ta kaiwa.

Shekarar da aka yi gudu, aiki ya riga ya mutu tun kafin 'yan bindigar su zo. An hana babur, motocin arewa sun daina shigowa, garuruwan da ke sama da mu sun faɗi ɗaya bayan ɗaya. Wata rana da hantsi muka ji harbi daga wajen bariki. Kafin azahar hanya ta cika da mutane. Na tura matata da yara tare da ƙanena su bi hanyar Gella a ƙafa, na koma shago in kwashi abin da zan iya ɗauka. Ina ɗaure libobi a buhu sai ga Baba Ishaya a ƙafa, ba hula, yana haki.

Ya ce ya sa Mama a kujera, surukarsu da jikoki biyu a kan but, buhun masara da jarkar ruwa a tsakaninsu. Safayar taya ma ya cire ta ya bar a gida don kaya su shiga. Sun fita gari kaɗan, ya sauka daga kwalta don kauce wa mutane, tayar dama ta baya ta fashe. Ya baro su a gindin wata bishiya.

Ya ce, "Ka faɗa min, ban manta ba. Amma ba zan bar jikokina a baya ba, kuma ita ba ta iya taka ƙasa."

Na jawo biyu daga tsofaffin wilin. Sun sace, amma robar ba ta tsage ba. Tada injin iska zai ci lokaci kuma ƙararsa tana kai nesa, sai na sa famfon ƙafa. Ina takawa muna jin harbin yana matsowa ta wajen kasuwa. Na ɗora wili biyun a baro, da jak da liba da guntun bututun ƙarfe da nake ƙara wa sifana tsawo. Na rufe shago. Baba yana gefe yana riƙe da bakin baron, ni ina turawa.

Da muka isa mun tarar da mutane suna fama da motar. Maƙwabtansa ne biyu da wani direban tifa da ya bar motarsa. Sun ga tsohuwa a zaune cikin rana, suka ce bari su cire tayar kafin Baba ya dawo don a rage aiki. Sun ɗaga motar da duwatsu. Sun sami gudumar jan ƙarfe a ƙarƙashin kujera, suka ga tana lotsewa, suka ajiye ta, direban ya kawo tasa ta baƙin ƙarfe. Tun tafiyar Baba suke bugun notin ta hagu, suna karɓa-karɓa, da iyakar ƙarfinsu. Kunne ɗaya ya karye. Direban yana gumi ya ce min tsatsa ce, bai taɓa ganin noti mai taurin kai irin wannan ba. Ba su yi wani abin da ni ban kusa yi ba ranar farko. Ba wanda ya taɓa nuna musu. Amma notin ya ɗauru yadda ban taɓa gani ba, kuma kunne ɗaya ya rage. In shi ma ya karye, babu abin kamawa, tayar ba za ta fita ba sai an kawo wuta an yanka.

Na ce a sauke motar ƙasa, don nauyinta ya riƙe wilin. Na buɗe gaba na ɗebi man birki kaɗan a murfin jarka na ɗiga a bayan notin. Na ce a jira ya shiga. Jiran ne ya fi wuya. Mutane suna wucewa da katifu a ka, da awaki, wasu suna cewa an riga an shiga unguwar da ke bayanmu. Maƙwabtan biyu suka ba Baba haƙuri suka bi iyalansu. Direban tifa ya tsaya.

Mama Rifkatu ta kira ni da hannunta mai lafiya. Bakinta ya karkace, sai an matsa ake jin maganarta. Ta ce in gaya wa tsohon nan ya kwashi yara ya tafi, ita ta ga abin da za ta gani a duniya, kuma ba wanda zai ɓata harsashi a kanta. Na faɗa masa. Ya ce in gaya mata tun da ya aure ta bai taɓa cin gardama ba, yau kam zai ci.

Ta ce, "To Hamman, yi sauri. In na mutu a cikin Kwaɗo, mutanen Gella za su yi dariya a wurin jana'iza."

Ban sa guduma ba. Bugu zai karya kunnen. Na naɗe shi da guntun tub, na zura bututun a kansa har gindi, na sa Baba ya taka birki, surukar ta danne duwatsu a gaban tayoyi. Kunnen da ya rage yana kallon gaba, ɗan sama kaɗan, wannan ya taimaka. Na ce wa direban ya hau ƙarshen bututun ya tsaya, kada ya yi tsalle, ya bar nauyinsa kawai. Ya dube ni ya ce ai ta nan ɗaurewa ne. Na ce ya hau. Ƙato ne. Ya dafa kafaɗata ya hau. Bututun ya fara lanƙwasa, notin bai motsa ba. Na ɗauki gudumar jan ƙarfe na riƙa ɗan bugun tsakiyar notin, ba kunnen ba, don man ya ratsa. Sai muka ji ƙas. Na ɗauka kunnen ne. Da na duba, notin ne ya juya.

Sauran ba wuya. Na sa siririyar taya a dama, na zagaya na cire mai faɗin ta hagu, wadda ita ma bodi ya riga ya fara yanka, na sa ɗayar. Na gaba na bar su, nauyin ba a can yake ba. Motar ta tsaya gaba da faɗi baya a tsuke. Na sa kowa ya hau, direban ma ya raɓa a gefe, na zura hannu tsakanin taya da bodi, ya shiga. Masu faɗin biyu muka bar su a gindin bishiyar. Suka tafi a hankali cikin mutane, na bi bayansu da barona.

Na sake cim musu washegari da rana, bayan Gella, inda hanyar mota ta ƙare a bakin wani mayo, wato rafi, duwatsun iyaka suna gaba. Tayoyin sun kai su. Cikin motar ne ya daki dutse man inji ya zube. Baba yana zaune a ƙasa yana tunanin yadda zai goya Mama ya hau dutse. Na juye kayan aikina na ɓoye a cikin ciyawa, muka shimfiɗa tamfol ɗin rufin motar a cikin baro, muka sa ta. Ni da direban tifa muka riƙa karɓar juna. Inda baro ba ya hawa muka ɗaga shi da ita a ciki. Haka muka tsallaka Kamaru. A can na sami matata da yara a wata makaranta. Ƙanena ya koma ɗauko mahaifiyar matarsa, ba a sake ganinsa ba.

Da aka ce gari ya lafa muka dawo. Mama Rifkatu ta dawo da ranta, ta ƙara damina biyu, ta rasu a ɗakinta, aka binne ta a Gella. Na raka Baba bakin mayo duba motar. An cire kujeru da fitilu da batir. An kwashe wili biyun hagu. Na dama suna nan, notinsu duk tabon guduma. Baba ya daɗe yana kallo, sannan ya ce a bar ta a nan. Kayan aikina da na ɓoye a ciyawa ban same su ba.

Shagona an fasa. Injin iska ya tafi, sauran wilin ma sun tafi, kwanon rufin an ɗaye. Ban koma can ba. Yanzu ina bakin hanyar Gella, a gindin dalbejiya, kusa da inda ake lodin bas. Yawancin aikina tayar keke mai ƙafa uku ne. Gwiwata ta dama ba ta son famfo kuma, sai in taka da ta hagu. Ina fitowa bayan sallar asuba, in tashi in rana ta faɗi. Mai son koyo ya same ni a can, ya zo da bokitin ɗebo ruwa.